'Yar tutar da na raina

Injiniya ya kawo min zanen ƙafafun tankin ruwa, tsayi mita 6, faɗin gindi mita 3. Na duba sama-sama na ce wannan ai na san shi kamar yunwar cikina. Kibiya tana nuna mahaɗa. Alwatika a kan layi waldar kwana ce, inda ƙarfe biyu suka haɗu. Da'ira a gwiwar kibiya tana nufin a zagaye mahaɗar kaf. Lamba 111 a wutsiyar kibiya kuwa waldar sanda ce, tamu ta kullum.

Sai dai a mahaɗun ƙarafan da ke ɗaure ɓangarori biyu na ƙafafun tankin akwai wata 'yar baƙar tuta a tsaye a gwiwar kibiya. Na ɗauka ado ne, irin na masu zana abu a kwamfuta.

Kwana uku muna wuta, muka haɗe komai tsaf a cikin shago. Aka kira mota. A nan ne ƙofarmu mai faɗin mita 2 ta ce ba ta san zancen ba. Muka karkata shi, muka kwantar, maƙwabta suka taru kowa da shawararsa, har wani ya ce a cire rufin.

Injiniya ya iso, ya dubi abin, ya dube ni.

"Malam, ba ka ga tuta ba?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Ta yi kyau."

Ashe tuta cewa take kada a taɓa mahaɗar nan sai a wurin da za a kafa aikin. Ɓangarori biyu za a ɗauka a shimfiɗe, can a haɗa.

Bai tsaya nan ba, ya zaro ma'auni. Gaban alwatikar an rubuta a5, ni kuma na yi ƙafar waldar, wato faɗin da ta kwanta a jikin kowane ƙarfe, milimita 5. To, harafin "a" yana nufin kaurin maƙogwaron walda ne, wato zurfinta daga cikin kwana zuwa fuskarta; harafin "z" ne ke nufin ƙafa. Kafin maƙogwaro ya kai 5 sai ƙafa ta kai kusan 7. Tawa maƙogwaronta 3.5 ne kacal, ga ruwa mai nauyi zai hau kai.

Faifan yanka shida muka cinye wajen warware abin da hannuna ya ƙulla, sannan na bi kowace mahaɗa na ƙara mata nama, duk daga aljihuna.

Yanzu zane na shigowa shago, yarona zai ƙame ya sara min: "Oga, tuta!"