A daina ɗora wa ƙanwar Nietzsche laifin duka

Abin ya ishe ni. Duk lokacin da samarin 'yan ra'ayin riƙau na Amurka da Turai suka ɗauko wata maganar Friedrich Nietzsche, masanin falsafa ɗan Jamus, suka liƙa a jikin hoton ƙato mai damtse, sai malaman jami'a masu ra'ayin sauyi su tashi da waƙar da muka haddace: wai yaran ba su fahimce shi ba, ƙanwarsa ce ta shafa masa kashin kaji.

Labarin ƙanwar gaskiya ne, ban musa ba. Elisabeth ta auri Bernhard Förster, wanda ya yi suna wajen ƙin Yahudawa, har suka tafi Paraguay kafa matsugunin Jamusawa zalla. Da yayanta ya samu taɓin hankali a Turin a 1889, ita ta riƙe takardunsa, tana yanka tana ɗinki yadda ta ga dama. Da ta mutu a 1935, Hitler da kansa ya je jana'izarta. Shi kuwa Nietzsche ya tsani masu ƙin Yahudawa, ya rubuta hakan ƙarara.

To sai me? Littattafan da ya buga da hankalinsa garau babu hannun Elisabeth a ciki. A cikinsu ne ya yi wa dimokuraɗiyya ba'a, ya kira neman daidaito halin garke, ya ce ɗaukakar ɗan Adam ba ta samuwa sai da wani nau'i na bauta. Masanan falsafa na Faransa Foucault da Deleuze sun zo a shekarun 1960 sun tsince naman da ya yi musu daɗi, suka mai da shi gwarzon 'yanci. Yaran yau daga ɗaya gefen kwanon suke tsinta, kuma kwanon ɗaya ne.

Shi ma Schopenhauer, wani masanin falsafa ɗan Jamus, ana son yi masa irin wannan wanka, tunda ya la'anci bautar da baƙaƙe a Amurka da zaluntar dabbobi. Sai dai a Satumbar 1848, da sojojin Ostiriya suka shiga ɗakinsa a Frankfurt don su harbi masu boren neman sauyi ta taga, shi ya aika wa hafsansu tabaron hangen nesa. Ya mutu a 1860, ya bar mafi yawan dukiyarsa ga asusun sojojin Prussia, wata masarautar Jamusawa, da suka nakasa wajen murƙushe boren. Ina mamakin mai mamakin wannan. Wanda ya yi imani wahala ce asalin rayuwa, mene ne nasa da tumɓuke sarki?

Magani dai ba wuya: a karantar da ɗalibai mutanen nan gaba ɗayansu, har da shafukan da ke sa malami sunkuyar da kai.

Masu nuna mana marubutan Faransa Sartre da Camus a matsayin hujjar cewa falsafar wanzuwa, mai nazarin ma'anar rayuwar ɗan Adam, ta 'yan sauyi ce, su fara bayanin Heidegger, masanin falsafa ɗan Jamus wanda Sartre ya sha daga rijiyarsa. Heidegger ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler a Mayun 1933 yana shugaban Jami'ar Freiburg, bai fita ba har 1945, kuma babu wata ƙanwa da ta sa hannu a madadinsa.