Kawu ya ce itatuwa ne, ni na ce iska ce

Jiya bayan Magariba muka yi ta ja-in-ja da kawuna a ƙofar gida, nan Auyo. Shi ya kafe a kan cewa sare itatuwa ne kaɗai ya jawo mana zafin nan. Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, da gaskiyarka, amma mai raba mana zafi da sanyi a shekara iska ce."

Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga Sahara, ta arewa maso gabas, ita ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zubo mana, har faso ya tsattsaga dugadugai. Ɗayar mai laima ce daga Tekun Atlantika. Mahaɗarsu ba ta zama wuri ɗaya. A Disamba da Janairu tana can kusa da gaɓar teku, mu kuwa muna hannun busasshiyar. Da yake babu laimar da za ta riƙe ɗumi, dare na yi ƙasa ke sakin zafinta, shi ya sa ruwan randa da asuba sai ka ce ƙanƙara. Da rana kuma hazo ya tare hasken.

Bazara fa? Hazo ya janye, rana ta daidaita a tsakar ka, iskar teku ba ta iso da hadari ba. A wannan ratar ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Agusta na zuwa gizagizai su rufe sama, gari ya yi sanyi. Wa ya manta azumin 2024? Shekarar El Nino ke nan, wato ɗumamar da ruwan tekun Fasifik kan yi lokaci-lokaci, a Afrilunta zafin garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Ba gatarin mutanen Auyo ne ya yi wannan ba.

Abin da ya fi cin raina alkama ce. Sanyin hunturu take so, a shuka ta cikin Nuwamba ta cika ƙwaya kafin zafi ya kawo kai. Bara iri bai iso hannunmu ba sai Janairu. Muka shuka, ta yi kore shar, gwanin sha'awa, sai zafin Maris ya same ta tana tsakar ɗaukar ƙwaya. Da na murza zangarniya a tafin hannu, ƙwayar duk ta motse.

Kawu dai bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce da safe in raka shi mu dasa darbejiya biyu a bakin gona, kuma zan je.