Usenet ma tana da masu faɗa a ji

Ina yawan jin ana cewa a farkon intanet babu shugaba, kowa gashin kansa yake ci. Maganar tana damuna, ko da yake na san inda ta samo asali: babu kamfani ɗaya da ya mallaki zaurukan hira na lokacin, babu kuma ofishin kai ƙara.

Amma akwai masu iko. A Usenet, tsarin zaurukan hira ta kwamfuta da ɗaliban Jami'ar Duke a Amurka suka ƙirƙiro a 1979, a wancan lokacin saƙonni suna tafiya ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta layin tarho, kuma kiran nesa kuɗi ne. Masu kula da manyan kwamfutocin da ke ɗaukar wannan nauyi, irin su Gene Spafford, su ke zaɓar zauren da za su isar. Wanda suka ƙi ɗauka, da wuya ya yi nisa.

A 1987 aka sake tsara zaurukan zuwa rukuni bakwai. Masu yawan gardama, kamar na siyasa da addini, aka tara su ƙarƙashin "talk", don duk wanda ba ya son biyan kuɗin jigilarsu ya ajiye su gaba ɗaya. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba suka buɗe nasu rukunin mai zaman kansa, wato "alt".