Gidan Biltmore ba fadar sarki ba ce

Duk sanda hoton gidan Biltmore na Amurka ya zagayo sai ka ji ana cewa wai tsohuwar fadar sarki ce da aka gina don yaƙi, shekara kusan dubu. Abin yana ɗan damuna gaskiya, amma ban ga laifin masu faɗa ba, don wanda ya ga hasumiyoyin nan da rufin mai tsini dole ya zaci haka.

Amurka dai ba ta da sarki. Wani attajiri ne George Vanderbilt ya gina shi a Asheville, jihar North Carolina, an fara 1889 aka buɗe a Disambar 1895, kuma kuɗin gado ne, kakansa Cornelius da jiragen ruwa da na ƙasa ya tara dukiyar. Mai zanen ginin, Richard Morris Hunt, fasalin manyan gidajen Faransa na ƙarni na 16 ya kwaikwayo, shi ya sa yake kama da tsohon abu alhali tun farko da wutar lantarki da lif aka yi shi, har wurin ninƙaya akwai a ƙasa.

Ku duba tagogin kawai. Ginin yaƙi tagarsa ’yar tsaga ce da maharbi zai leƙa ya saki kibiya, nan kuwa manya ne na gilashi, dutse ɗaya ya isa ya tarwatsa su. Ɗaki 250 ne na hutu da saukar baƙi, tun 1930 ake biyan kuɗi a shiga kallo, kuma har yau yana hannun zuri’ar George Vanderbilt.