Ranar da na kai Kawu ganin kabarin da ya girmi dalar Masar

Sati biyu Kawu ya yi a gidanmu a Dublin, babban birnin Ireland, yana leƙen taga, yana cewa ashe Turai ɗin gini ce kawai da ruwan sama. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Kawu, gobe zan kai ka kwarin kogin Boyne ka ga ƙasa." Na ƙara da cika baki cewa hanyar nan ko an rufe mini ido zan bi ta. Alhali sau ɗaya na taɓa zuwa, a bas, kuma barci na sha.

Da hantsi muka ɗau hanya. Kawu ya ƙanƙame murfin mota, wai rabonsa da ganin tuƙi a hannun hagu tun 1972 da Najeriya ta koma dama. A Trim na nuna masa ƙaton gidan sarautar nan na dutse da aka fara ginawa a shekarun 1170, ya ce, "To." Muka wuce Navan, kogi yana ɓuya yana ɓullowa a bayan itatuwa, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Nan ma "to".

Bayan Slane na rubuta Newgrange, tsohon kabarin da nake son nuna masa, a taswirar waya, ita kuwa ta jefa mu wata 'yar hanya mai ciyawa a tsakiya, ƙayoyin shinge suna gogar mota hagu da dama. Ba mu yi nisa ba muka yi kiciɓis da tarakta. Manomin ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Gaisuwarsu ke nan a karkara, amma Kawu ya ce, "Ka ga, gargaɗi yake maka." Na shiga ribas ina gumi cikin sanyi, har tayar baya ta faɗa kwata. Manomin ne ya sauko ya tura mu, yana ta yabon yanayi, ga yayyafi na dukansa.

Can sai Kawu ya daka mini tsawa in tsaya. Shanu ya gani. Baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, hantsa kamar tulu, ciyawa har gwiwa.

"Ina mai su?"

"Yana gida, Kawu."

"Ba makiyayi? Ba ko yaro da sanda?"

Ya yi salati, ya fita ba laima, ya jingina da ƙofar gona yana ƙirga su. Mutumin da ginin shekara 800 bai motsa ba, saniya ta cinye masa kusan awa guda.

Da ƙyar na ja shi muka isa Newgrange. Ga tudun nan a gabanmu, fuskarsa farin dutse tas. Na gyara murya na fara lacca: an gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza, kuma a tsakiyar hunturu, wajen 21 ga Disamba, hasken hudowar rana yakan bi wani lungu mai tsawon mita 19 ya haska ɗakin ciki na kimanin minti 17. Ina cikin zuba wata ma'aikaciya ta matso da murmushi ta ce ai ba ta nan ake shiga ba. Sai an je cibiyar baƙi a ƙetaren kogi, kusa da Donore, daga can bas ke kawo mutane.

Muka juya Slane, muka gangara, muka jira danja a tsohuwar gadar nan da ba ta cin mota biyu. Ko da muka isa, tikitin ranar ya ƙare, don mutane tun a gida suke saya ta intanet.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wurin da rana ma sai da ƙa'ida take shiga, kai ka kwaso ni ba ko sallama?"

Ban ce uffan ba. Ya gyara zama ya buɗe wayarsa. "Mayar da ni wajen shanun nan, akwai wata mai farin goshi da ban ɗauka da kyau ba."