Layi goma sha biyar da ba a taɓa nuna mana a Kaduna ba

Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya kira ni daga Tudun Wada, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa a Stuttgart sanyi na cin kunnuwana. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Yaya, jibi muna da jarrabawa. Don Allah ka ba ni ma'anar sauyin zare a furosesa, gajera, wadda zan haddace." Wato yadda furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, take barin wani aiki ta koma kan wani. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin abin da idonsa. Ya yi dariya, ya ce ai ba abin gani ba ne, abin rubutawa ne a takardar amsa.

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma haka na fito. Shekara huɗu na yi ina karatun kwamfuta a Kaduna, na zana akwatuna da kibiyoyi a allo, na rubuta ma'anar nan a jarrabawa har na ci maki, amma da a ranar da na karɓi sakamakona an ɗora mini wuƙa a wuya an ce in nuna inda sauyin yake faruwa a cikin na'ura, da an yanka ni.

Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ana saura kwana uku Sallah ya ga abin. Keke ɗaya ne, ɗinki ya fi ashirin. Baba tela na unguwarmu yana tsakiyar farar shadda sai ga mai shuɗin yadi ya shigo da faɗa. Sai ya ɗaga ƙafa, ya soka allura a daidai inda ya tsaya, ya naɗe shaddar ya ajiye, ya zare farin zare sama da ƙasa ya sa shuɗi, ya gyara tsawon ɗinki. Idan ya dawo kan shaddar, komai sai ya koma yadda ya bar shi, in ba haka ba ɗinkin ya karkace. Furosesa ma haka take. Kowace ƙwaya mai sarrafa aiki a cikinta keke ɗaya ce, ayyukan da ke jira su ne zaruruwa, abin da take riƙe da shi a hannu kuwa ƴan ma'ajiyai ne ƙanana da ake kira rajista. Sauyin zare shi ne a kwashe abin da ke cikin rajistocin nan a ajiye, a ɗauko na wani zaren a zuba.

Ba a iya rubuta wannan da harshen rubuta manhaja na C zalla, domin C ba ta ba ka damar taɓa rsp, rajistar da ke nuna saman tarin ajiya, wato wurin da kowane zare yake jibga bayanansa ɗaya kan ɗaya. Dole sai an sauka zuwa asembili, harshen da ake ba furosesa umarni da shi ɗaya bayan ɗaya. A furosesa irin ta x86-64 da ke kan Linux, aikin bai wuce haka ba: ka tura rajistocin rbp, rbx, r12, r13, r14 da r15 kan tarin zaren da zai tafi hutu, ka adana rsp ɗinsa, ka ɗora rsp na zaren da zai shigo, ka ciro shidan nan a juye, sai ka ce ret. Ƙirga da kanka, umarni goma sha biyar ne. Me ya sa shida kawai, bayan rajistocin gama-gari goma sha shida ne? Saboda yarjejeniyar kiran aiki ta System V, ƙa'idar da Linux ke bi idan wani sashen shiri ya kira wani, ta riga ta ɗora wa wanda ya kira ka nauyin adana sauran idan yana bukatarsu. A Windows yarjejeniyar daban ce, sai ka ƙara rdi da rsi da xmm6 zuwa xmm15.

Inda abin yake burge ni har gobe shi ne wannan ret ɗin na ƙarshe. Aikinsa ya ɗauki adireshin komawa daga saman tari ya tafi can. To amma tarin an riga an musanya shi. Ka shiga ta ƙofar gidan wani, ka fito ta ƙofar gidan wani daban, kuma furosesa ba ta ma san an yi mata wayo ba. Ranar da na fara bin wannan mataki-mataki a gdb, manhajar bin diddigin shiri, na ga rsp ya canza, ret ya sauke ni a wani wuri, sai da na tashi daga kujera na zagaya ɗaki.

Ba a aji na koya ba, a wurin aiki ne, kuma da wuya. Watannina na farko a nan aka ba ni in rubuta ƙaramin shiri mai raba wa zaruruwa lokaci don gwaji. Sauyin yana tafiya lafiya ƙalau, amma da sabon zare ya kira printf, aikin da ke buga rubutu a allo, da lamba mai ɗigo sai shirin ya faɗi. Dare uku ina zargin komai, har da kwamfutar. A rana ta huɗu wani dattijo abokin aikina, wanda ba ya yawan magana, ya leƙo, ya duba umarnin da aka faɗi a kansa, movaps, ya ce in karanta masa adadin da ke cikin rsp. Yarjejeniyar ta ce kafin a kira aiki dole tari ya zauna a kan adireshin da 16 ke rabawa. Ni kuwa da na ƙera wa sabon zaren tarinsa na ƙarya, na goce da bait 8. Bait takwas suka hana ni barci dare uku. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi kowa sai ya faɗa ramin nan sau ɗaya, ya koma kujerarsa.

Kada a ɗauka ina cewa kowa a Jamus ya san wannan. Yawancin masu rubuta manhaja a nan ma ba su taɓa buɗe fayil ɗin asembili ba, kuma suna cin abincinsu lafiya. Bambancin shi ne wanda yake son sani ana barinsa ya ɓata abu ya gyara. Suna da tsarin koyon sana'a inda yaro yake raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfani, kuma ba a ganin mai datti a hannu a matsayin wanda ya kasa karatu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu ma muna da wannan, mun dai kulle shi a waje. Je ka Panteka ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kwance inji yana mayarwa. Je ka wajen masu gyaran waya a kan titin Ahmadu Bello ka ga yadda suke bin layin wuta a kan allon da bai kai tafin hannu ba, da mita da haƙuri. Wannan halin shi ne ainihin abin da aikin asembili yake nema. Amma da zarar yaro ya shiga aji sai a ce masa ilimi shi ne abin da ya haddace, taɓawa kuma aikin masu sana'ar hannu ne.

Za a ce babu kayan aiki, babu wuta, data ta yi tsada. A wasu fannonin na yarda, a nan kam ban yarda ba. Jami'ar MIT ta Amurka ta fitar da xv6, ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta, a 2006 don koyarwa, kyauta ne, kuma fayil ɗin da ke sauya zare a cikinsa, swtch.S, bai cika shafi ɗaya ba. A sigarsa ta furosesa irin RISC-V rajista goma sha huɗu yake adanawa: ra, sp da s0 zuwa s11. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura a gudanar da xv6 a ciki, ma kyauta ne, tsohuwar kwamfutar cinya ta gwanjo za ta ɗauke shi, kuma da an sauke sau ɗaya an gama da intanet. Filashi ɗaya ya ishi aji guda. Wanda ya saba da wannan, idan ya buɗe __switch_to_asm, inda Linux yake sauya zare a x86-64, zai ga ƴan gidansu ne, rajistocin nan shida dai.

Wasu kuma za su ce wa zai ɗauke ka aiki da wannan a Kaduna, gara yaro ya koyi gina shafin intanet ya samu na cefane. Gaskiya ne, kuma ban hana ba. Sai dai inbata da mitar wuta da na'urar POS da muke amfani da su kullum, ƙananan furosesa ne a cikinsu, da yawansu irin ARM. A dangin Cortex-M na ARM, idan katsewa ta zo, wato siginar da ke sa furosesa ta dakatar da abin da take yi, na'urar da kanta take adana rajista takwas, r0 zuwa r3, r12, lr, pc da xPSR, ta bar maka r4 zuwa r11 ka adana da hannunka a cikin PendSV, katsewar da aka tanada don sauya zare. Haka FreeRTOS, tsarin sarrafa ƙananan na'urori, yake yi. Wanda ya fahimci wannan zai iya rubuta abin da ke cikin na'urar, ba sauya mata allo kawai ba. Ko mai gina shafin ma, ranar da sabarsa ta fara ja da ciki saboda zaruruwa sun yi yawa, zai tuna da Baba tela: idan kowane minti biyu sai ya canza zare, yini zai ƙare bai gama riga ɗaya ba. Tsadar ma ba a umarni goma sha biyar ɗin take ba, tana cikin ma'ajiyar kusa ta furosesa da sabon zare yake tarar da ita cike da kayan wani.

Na ba ƙanena ma'anar da ya nema, tunda jarrabawa ba ta jira. Amma na haɗa masa da layukan nan goma sha biyar, na ce bayan jarrabawa ya ƙera zare biyu, ɗaya ya buga A ɗaya ya buga B, su riƙa miƙa wa juna. Da gangan ban gaya masa zancen 16 ba.

Jiya da daddare ya turo hoton allonsa, an ɗauke wuta, batir saura kashi tara. ABABABAB har ƙasa. A ƙarƙashi ya rubuta, "Yaya, ya yi. Amma da na ce ya buga 3.5 sai ya mutu. Me na yi?" Na ce masa ya buɗe gdb ya karanta mini rsp.