Mai jinya da mai jego ma aiki suke yi

Raina yana ɓaci idan na ji an ce wance "ba ta aikin komai", alhali ita ce ke tashi cikin dare tana juya mahaifinta mai shanyewar ɓarin jiki don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Ita ke yi masa wanka, ita ke niƙa ƙwayar magani ta dama a cokali saboda haɗiya ta gagare shi. Da a asibiti ake wannan hidima, dole a biya ma'aikata masu karɓa-karɓa. A gida kuwa, sannu da ƙoƙari ce ladanta.

A rahotonta na 2018, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya, mata ne ke yin sa, kuma mata miliyan 606 ne wannan ɗawainiya ta hana su fita neman na kansu. Ni a ganina, duk gwamnatin da ke cin moriyar wannan wahala, haƙƙi ne a kanta ta sa hannu a aljihu.

Kuma akwai masu yi. Birtaniya tana ba wanda ke jinya awa 35 a mako alawus, duk da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tsarin Jamus ya fi burge ni: tun 1995 suna da inshorar jinya, wadda har kuɗin fansho take zuba wa mai kula da ɗan'uwansa a gida. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Wadda ta bar aiki shekara goma tana jinya, tsufanta zai zo ba ta da abin dogaro.

Haka batun hutun haihuwa. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi aƙalla mako 14, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, kuma a biya daga inshora ko asusun gwamnati. Dalilin a fili yake: idan aka ɗora wa mai kamfani shi kaɗai, gobe sai ya ƙi ɗaukar matan aure. Amurka da duk arzikinta, dokarta ta 1993 hutun mako 12 ta bayar ba ko sisi. Ta yaya za a ce uwa ta shayar da nono zalla wata shida, a kuma bar ta da tunanin kuɗin haya?

Za a ce jinyar iyaye ibada ce, ba a karɓar kuɗi a kanta. Ban musa ba, amma tallafin ba ya rage lada, yunwa yake korewa. Abin da nake so a gyara shi ne a daina ɗaure shi da takardar albashi, domin mai talla, mai ɗinki da mai aikatau su ma suna haihuwa, suna jinya, kuma ranar da ba su fita ba, babu abin da ke shigo musu.